Yadda Halliru Ya So Koya Wa Wuta Gudu

A Adabka babu wanda ya naɗa Halliru injiniya, shi ya naɗa kansa. Wata uku ya taɓa yi a Anka yana yi wa masu kafa sola dako, ya dawo gida da hular roba mai ruwan ɗorawa, da filaya wadda bakinta ba ya haɗuwa, da wani sukundireba da yake maƙalawa a aljihun gaba ko masallaci za shi. Tun daga ranar, in ka kira shi Halliru zalla sai ya yi kamar da wani kake. Ya gyara rediyon liman, rediyon ya koma kama tasha ɗaya, ita ma sai an jingina shi da buta. Ya gyara tocilan ɗin surukinsa, ta koma ba ta mutuwa sai an zare batir. Duk da haka in ya zauna a majalisa, cewa yake rabin hasken Anka da hannunsa aka ɗaura shi.

A bazarar da wannan abu ya faru, rijiyar burtsatsen unguwarsu ta kama ciwo. Rijiya ce mai aiki da sola, farantai takwas a kan ƙarafa, da tanki a sama, da famfo huɗu, da kwamin shayar da shanu a gefe. Da can ruwa na zuwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya koma siriri, jarka ɗaya sai mace ta gama tsefe kan 'yarta ba ta cika ba. Ga shi ranar Asabar za a yi sunan jikan Mai unguwa Shehu, ana sa ran baƙi daga Gwashi har Gummi. Mai unguwa ya buga wa Abdulrahman, mai gyaran sola na Anka, shi kuma ya ce ba zai samu zuwa ba sai Lahadi.

Ranar Laraba da hantsi Halliru ya shigo gida ya tarar da Jannatu, 'yar yayarsa, zaune a tabarma da matarsa Balaraba. Jannatu malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Gummi, ta zo hutu. Tana ta zane a takarda, Balaraba na tsince shinkafa.

"Malama, mi aka zanawa haka kamar ƙwan kwaɗi?" in ji Halliru.

"Darasin da zan koyar in an koma ne, Kawu. Yadda wuta ke tafiya a cikin waya."

Halliru ya gyara tsayuwa. "Ai sai ki tambayi masu abin. Amma hwaɗi naki in ji, in gyara miki."

Jannatu ta yi murmushi. Ta ce a cikin jan ƙarfen waya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu ilektoron, su ne ke ɗauke da wutar. In an haɗa waya da batir ko da sola, sai a samu wani ƙarfi da ke tura su gefe guda. Amma hanya ba a share take ba, suna tafe suna karo da ƙwayoyin ƙarfen, a buge su nan, a mayar da su can.

"Saboda haka tafiyar tasu ba ta da sauri ko kaɗan. A wayar gida irin wannan, sai su yi awa guda ba su wuce kamu ɗaya ba."

"Kamu ɗaya?" Halliru ya auna daga gwiwar hannunsa zuwa yatsa. "Awa guda?"

"Tururuwa ma ta fi su sauri nesa ba kusa ba. Amma abin da ya sa fitila ke kamawa nan take shi ne..."

Ba ta ƙarasa ba. Halliru ya riga ya kai zaure, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Kawu, ban gama ba!"

"Bar shi," in ji Balaraba, ba ta ko ɗaga kai daga shinkafarta ba. "Ko wa'azi rabi shika ji."

Da azahar Jannatu ta hau babur zuwa Bukkuyum wurin wata ƙawarta, za ta kwana biyu, ba ta san abin da ta bari a baya ba.

Halliru ya sami bakin rijiya cike. Jarkoki sun yi layi har gindin darbejiya. Manu, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari, yana tsaye da sandarsa, shanunsa na lasar gindin kwami. Mai unguwa na zaune a benci ya yi tagumi. Halliru ya hau wani bulo ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, na gano cutar."

"Wace cuta?"

"Lalaci. Ɗiyan wuta ne sunka lalace." Ya zaro sukundireba ya nuna wayar da ta taso daga farantai zuwa rijiya. "Cikin wayag ga akwai ɗiyan wuta, dubu bisa dubu. Ilimi ya tabbatar awa guda kamu ɗaya suka yi. To, ku auna mini wagga waya. Kamu ashirin! Wanda ya taso da asuba, sai gobe shi iso rijiya. Ina ruwa zai zo?"

Inna Maiturare, wata tsohuwa da gidanta ke jingine da shingen rijiyar, ta ce, "To da can da ruwan ke zuwa, babur suka hawa?"

"Da can suna da ƙuruciya, Inna. Ke ma da can ai kina gudu."

Mata suka fashe da dariya, wannan dariyar kuwa ita ta taimaki Halliru. Mai unguwa ya dubi layin jarkoki, ya tuna baƙin Asabar, ya zaro makullin shingen daga aljihu.

"Halliru, amana ce. In ba ka iyawa ka bari."

"Ranka shi daɗe, kahin Juma'a sai kun roƙe ni in rage ruwan."

Dabarar farko ta gangara ce. Halliru ya ce kowa ya san hatsi ba ya zuba daga faifai sai an karkata shi. Farantan nan kuwa an kwantar da su suna kallon sama, ɗiyan wuta sun samu shimfiɗa sun miƙe ƙafa. Ya kwance ƙusoshi, ya tayar da farantan takwas tsaye cak, fuskarsu na kallon gabas, ya tokare su da itace. Rana na tsaka, ta koma haskawa a kan ƙoƙon kansu. Siririn ruwan ya koma ɗigo, ɗigon ya koma shiru.

"Injiniya," in ji Manu, "nagge ta ce in tambaye ka, ina ruwan shanu?"

"Gaya mata suna tattaruwa ne. Kai in za ka tashi garke, ba sai sun taru ba?"

Ranar mata suka kwashi jarkokinsu suka nufi tsohuwar rijiyar fadama, tafiyar da ba a yi ba tun shekara uku.

Da safiyar Alhamis abin mamaki ya faru. Rana ta fito daga gabas ta daki farantan a fuska, famfo huɗun suka yi tari suka feso ruwa. Halliru ya fito da hular roba yana zagaya unguwa, yana buga ƙofofi.

"Ku hito ku gani! Wa ya ce gangara ba ta aiki?"

Har ya tsaya a ƙofar Inna Maiturare ya ce ta fito ta ba shi haƙuri a gaban jama'a. Kafin tsohuwa ta nemo mayafinta rana ta ɗaga, ruwan ya tsuke, ya ɗauke. Ta fito ta tarar da shi yana girgiza famfo.

"Ga ni. Wane haƙurin, na jiya ko na yau?"

Halliru ya ce matsalar a fili take. Sun taso da gudu, sai hanya ta yi musu kaushi. Malama da bakinta ta ce suna tafe suna karo. Abin da ke karo kuwa mai yake so. Ya koma gida ya ɗauke kwalbar man gyaɗar da Balaraba ta ajiye don tuyar ƙosan suna, ya ga ba za ta isa ba, ya tare Hannatu matar Manu a hanya ya karɓi man shanu cikin ƙoƙo.

"Tuwon wa za a sa wa?" in ji Hannatu.

"Na gwamnati," in ji Halliru.

Ya bi wayar nan kamu ashirin ya shafe ta tas, tana ƙyalli kamar amaryar da aka yi wa dilka. Inda aka ɗaura ta da ƙusa ya ƙara dangwala mata. Ya ja baya ya riƙe ƙugu.

"Yanzu ko ba su so, santsi shi kwashe su."

Cinnaku ne suka fara amsa gayyata. Kafin la'asar sun yi baƙi a jikin wayar. Halliru ya tsuguna yana kore su da hula, suka hau hannun riga suka bi ta wuya, ya tashi yana tsalle yana dukan kansa. Garin gudu zuwa gida ya tuɓe riga, ya bar ƙofar shingen a buɗe. Akuyar Inna Maiturare, wata ja mai ƙaho ɗaya, ta shiga da 'ya'yanta biyu. Ta lashe man, ta ji daɗi, ta ci gaba da abin da ke ƙarƙashin man. Da Halliru ya dawo ya tarar robar wayar ta tafi, jan ƙarfen ya tsinke gida uku, akuya na tsaye tana tuƙa, wani guntu na leƙowa daga bakinta.

Ya bi ta da filaya. Inna Maiturare ta fito da muciya.

"Taɓa ta ka gani! Kai ka yi mata miya, ka ce kada ta ci?"

"Ta cinye dukiyar al'umma!"

"In ta mutu kai za ka shayar da ɗiyanta."

Manu, wanda ya dawo da shanu ya sami kwami a bushe karo na biyu, ya jingina da sandarsa ya ce, "Injiniya, yanzu ɗiyan wutan suna cikin akuya ke nan? In ta yi tusa mu kauce?"

A gida Balaraba ta tare shi da kwalbar da babu komai a ciki.

"Malam, ina man ƙosai?"

"Yana aikin ƙasa."

"Ranar Asabar sai ka je ka gaya wa matar Mai unguwa haka da bakinka. Kuma ka mai da makullin nan tun mutuncinka na da saura."

"Mace ba ta gane aikin wuta."

"Wadda ta gaya maka rabin da kake taƙama da shi, namiji ce?"

Halliru ya yi kamar bai ji ba, domin wata sabuwar dabara ta riga ta sauko masa. Ya ce a ransa akuyar nan ma alheri ta yi. Waccan waya kauri ne ya yi mata yawa, ɗiyan wuta suka samu fili suna yawo kamar 'yan kasuwa. Ai ko tiyo, in kana so ruwa ya yi tsiri, matse bakinsa kake yi. Ya buɗe akwatinsa na tarkace ya zaro wata siririyar waya ta tsohuwar lasifika, ba ta fi zaren saƙa kauri ba.

Da sassafen Juma'a ya ɗaura ta. Ragowar man shanun ma bai bar shi ba, ya shafe ta da shi. Ya bi da ita ta jikin zanar da ta raba rijiyar da gidan Inna Maiturare, don kada akuya ta kai gare ta. Ya aika aka kira Mai unguwa.

Rana ta fito ta daki farantai. Famfo ya yi gurnani, ruwa ya ɗan zubo. Halliru ya taɓa wayar ya janye hannu da sauri, fuskarsa ta washe.

"Ranka shi daɗe, taɓa ka ji!"

Mai unguwa ya taɓa. "Kai! Ai zafi gare ta."

"Gudu ne! Kai in ka yi gudu jikinka ba ya zafi? Tunda anka kafa rijiyag ga ba su taɓa motsa jini irin na yau ba."

"Wannan ƙaurin fa?" in ji Manu yana shinshina iska.

"Zufa ce."

Zufar ta fara hayaƙi. Robar wayar ta yi laushi ta ɗiga, man shanu ya yi ƙara kamar ana soya albasa, sai ga wani ɗan harshen wuta ya leƙo daga jikin zana. Zanar bazara ce, ta bushe ƙamas. Kafin Mai unguwa ya gama salati ta kama bal-bal.

"Ruwa! A kawo ruwa!"

Aka ruga famfo, famfo ya yi shiru, domin wayar ta riga ta narke. Shanun Manu suka ga wuta suka watse, wani bijimi ya bi ta kan layin jarkoki yana tafe da guda a ƙaho. Mata na ihu, maza na watsa ƙasa da hannu. Halliru ya cire hular roba yana fifita wutar da ita, wai kashewa yake. Inna Maiturare ta fito da tukunyar jiƙon gero da ta kwana tana tanadi don kunun suna, ta sheƙa wa zanar rabi, ta juya ta sheƙa wa Halliru sauran. Allah ya taƙaita, wutar ba ta kai ga rumbu ba. Amma zana ta tafi, bayan gidan tsohuwa ya koma kowa na gani daga bakin hanya, akuya na tsaye a tsakiya tana kallon jama'a.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Mai unguwa ya tara mutane a bakin rijiyar. Daidai lokacin Jannatu ta sauka daga babur, Balaraba ta riƙo hannunta ta kawo ta wurin tun ba ta ajiye jaka ba. Ta dubi farantai a tsaye, ta dubi toka, ta dubi kawunta da gero a gemu.

"Inna lillahi. Kawu, me ya faru?"

"Iliminki ne ya faru," in ji Halliru. "Jama'a, ga ta nan. Ke ba ke kika ce awa guda kamu ɗaya suka yi ba?"

"Ni na faɗa."

"To kun ji!"

"Amma ka fita ban gama ba. Kawu, ba daga faranti suke tasowa su yi tafiya zuwa rijiya ba. Wayar cike take da su tun daga wannan baki har wancan, tun ranar da aka ƙera ta. Ko an haɗa ko ba a haɗa ba, suna nan a ciki. Abin da ke da sauri shi ne turin. Da zarar an haɗa, ƙarfin da ke tura su yana game wayar gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. Na kusa da faranti ya motsa, na kusa da injin ma ya motsa a lokacin. Kowa tafiyarsa kaɗan ce, amma tare suke yinta."

Manu ya gyaɗa kai. "Malama, tsaya in gani ko na gane. In shanu sunka cika burtali, daga bakin ruga har bakin gulbi, ni ina baya na yi kira guda. Ta gaba ta ji, ta baya ta ji, duk sunka ɗaga ƙafa. Ta gaba ta sa baki a ruwa, ba sai ta jira ta baya ta iso ba."

"Ka fi wasu ɗalibaina, Baffa Manu. Haka ne."

"To siririyar wayar fa?" in ji Mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, garken da ke bin babban burtali ne aka tura shi ta lungu. Karon ya yi yawa, karon nan kuwa shi ne zafi. In ƙarfe ya yi zafi kuma sai ya ƙara tare musu hanya. Mai da aka shafa a waje bai ko san suna ciki ba."

Jama'a suka juya suna kallon Halliru. Da mai hankali ne, da ya miƙa makulli a nan ya tafi gida. Halliru ya hau bulonsa.

"Wannan zancen aji ne. Mu a hannu munka koya. Abin da ke tafiyar kamu ɗaya a awa, ba shi isa wurin mutum nan take, ko wa ya kira shi. Manu, kawo babur ɗinka."

"Kawu, don Allah kada ka..."

"Ke dai tsaya ki ƙaru."

Manu ya turo babur ya kafe shi a kan ƙafarsa ta ƙarfe. Halliru ya zare hular filogi, ya ɗaura ragowar siririyar wayarsa a ciki, ya ja ta har kamu goma, ya fere bakin da haƙori. Ya tuɓe takalmi ya tsaya a inda jiƙon gero ya jiƙa ƙasa, wai don kowa ya ga babu rufa-rufa. Ya hango Hannatu da ƙwaryar furarta a cikin mata, ya ce a damo masa kofi guda.

"Kamu goma, awa goma ke nan," in ji shi, waya a hannun dama, fura a hagu. "Zan shanye furag ga, in yi la'asar, in yi magariba, ɗiyan wuta ba su kai rabi ba. Manu, buga babur. Kada ka tsaya sai na ce tsaya."

Jannatu ta matso kusa da Mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ka hana shi."

"Tana kisa?"

"Ta filogin babur ba ta cika yin illa ba, amma zai ji a jikinsa. Da ta farantan can ce ko ta janareto, da sai dai a yi masa sutura."

Mai unguwa ya dubi tokar zana. "To a bar shi shi ji."

Halliru ya kai kofi baki. Manu ya ɗora ƙafa ya buga.

Fura ce ta fara tashi. Ta yi sama ta dawo a kan babbar rigar Juma'ar Mai unguwa. Halliru ya daka tsalle ƙafa biyu, ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba, karnukan unguwa suka amsa. Wayar da ya naɗe a yatsa don burga ta ƙi sakinsa. Manu kuwa mutum ne mai cika umarni, ya sake bugawa.

"Tsa... tsa... tsa...!"

"Mi ya ce?" in ji Manu.

"Tsaki shika yi," in ji Inna Maiturare. "Bai ji komai ba. Ƙara mishi."

Manu ya ƙara. A bugu na huɗu Halliru ya fizge hannu, ya ja da baya, santsin gero ya kwashe shi, ya faɗa cikin kwamin shanu ƙafafu a sama. Hular roba ta gangara ta tsaya a gaban akuya.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a samu mai ƙarfin ɗaga shi, domin duk wanda ya matso dariya ke durƙusar da shi. Jannatu ce ta kama hannunsa tana duba yatsan.

"Sannu, Kawu. Yaya ka ji?"

"Wannan... wannan ba ɗiya ba ne," in ji Halliru yana haki. "Iyayen ne sunka zo."

Mai unguwa ya share fura daga wuyan rigarsa, ya miƙa hannu. Halliru ya lalubo makulli ya ba shi. Hukuncin bai yi tsawo ba. Zai saƙa wa Inna Maiturare sabuwar zana da hannunsa. Zai mayar da farantai yadda ya same su, Jannatu na tsaye a kansa, bayan rana ta faɗi ƙasa, kuma ba zai taɓa ko waya ɗaya ba. Ruwan suna kuwa, tun daga na alwalar baƙi har na wanke tukwane, shi zai ɗebo daga rijiyar fadama.

Haka aka yi sunan. Baƙin Gwashi da na Gummi na cin tuwo a rumfa, suna ganin wani mutum na wucewa da jaki da jarka huɗu, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ƙosai dai ba a yi ba. Duk baƙon da ya tambayi dalili sai a ce masa ya tambayi mai jakin, mai jakin kuma ya ce shi aikin sa kai yake yi saboda Allah.

Ranar Lahadi Abdulrahman ya iso daga Anka da sabuwar waya mai kauri a bayan babur. Ya buɗe akwatin da wayoyi ke haɗuwa, ya tarar da wata ƙusa ta yi tsatsa ta saki. Ya kankare ta ya ɗaure. Ita ce duk cutar rijiyar tun farko. Halliru na can gindin darbejiya da ciyawar zana a gabansa, yana saƙa yana jefo shawara daga nesa.

"Yaro, ɗaure da kyau. Haka munka yi a Anka."

Abdulrahman bai san labarin babur ba. Ya ga dattijo da sukundireba a aljihu, ya warware sabuwar wayar ya miƙo masa baki ɗaya.

"Baba, taimaka ka riƙe min nan in auna. Ban haɗa ta da komai ba, babu wuta a ciki."

Halliru ya miƙe, ya sa hannuwa biyu a baya, ya ja taku uku.

"Wuta ce babu," in ji shi. "Ɗiyan suna nan ciki, ba su hita. Kuma sun riga sun ɗanɗana ni."